Motar Baba Ta Ƙi Shiga Ta Uku

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Idan mahauci ya yi mini gyara mai yawa, sai na juya tsokar na shinshina kafin in gode masa. Aikin duba dabbobi a kasuwar garin Tawa ne ya ƙarasa lalata ni, don na daɗe ina ganin yadda ake ɗura wa saniya ruwa da kanwa da safe a kawo ta tana tangaɗi da ciki. Matata takan ce ko liman ya ba ni dabino sai na ɓare na leƙa. Ba ta yi ƙarya ba, na ɓare.

Da Baba ya rasu aka raba gado, gonakin Barmu suka faɗa wa ƙanena, ni kuma gidan Tawa da mota. Motar tsohuwa ce ƙirar Jamus, ruwan ƙasa, ta girmi duk 'ya'yana. Baba ya saye ta a hannun wani Bature mai haƙar rijiyoyi da zai koma gida, saboda ƙafar Baban ta hagu da ta ƙi lanƙwasuwa tun da ya faɗi da babur. Otomatik ce, ita ke canza giyarta da kanta, direba ba ya wahalar da ƙafar hagu. Ranar rabon na ga ƙanena ya tsaya ya shafa bayanta kafin ya fita. Wani zai ce kewar Baba ce. Ni na ajiye abin a raina da wata fassara.

Mu biyu kaɗai ne maza a ɗakinmu, kuma ba mu taɓa yin ko cacar baki ba tun da muka girma. Saboda haka da ya zo aron motar, bayan an cire amfanin gona, don a kai 'yarsa ɗakin miji daga Barmu zuwa Kalfu, ban iya hanawa ba. Na kai motar da kaina ranar ɗaurin aure, na ba shi makulli da sharuɗɗa kamar mai ba da riƙon yaro. Kada a tura ta don ta tashi, irinta ba a turawa. Kada a ɗaure ta da igiya a ja. Kada kowa ya buɗe mata gaba, ko da ya rantse a Jamus ya koyi aiki. Ya ce to, na hau motar haya na dawo saboda kasuwa.

Bayan kwana uku, da hantsi, na ji ta kafin in gan ta. Injin na kururuwa kamar za ta tashi sama, amma da ta karyo kwana, mai amalanken jaki ma yana iya jerawa da ita. Ƙanena ya fito gumi ya jiƙa masa riga.

“Yaya, tun da na baro Barmu ta ƙi shiga ta ukku,” in ji shi. “Lahiya lau munka kai amarya, lahiya lau munka dawo. Yau da sahe ta soma.”

Na tambaye shi ko an tura ta. Ya dube ni ya ce a'a. Ko an ja ta? Ya dube ni ya ce a'a. Da na ce, “Wani ya taɓa ta?” sai ya sunkuyar da kai ya sosa ƙeya, ya ce babu wanda ya buɗe mata gaba. Na san ƙanena tun yana rarrafe. Ƙarya ba ta zama a bakinsa, kuma wannan karon ba ƙarya ya yi ba, kewaya ni ya yi. Ban tsare shi cin abinci ba, ya hau kabu-kabu ya nufi tasha.

Akwai tsohon makanike a bayan tasha wanda shi ke duba motar tun zamanin Baba, kuma shi kaɗai na yarda ya sa mata hannu. Na lallaɓa da ita can. Bai taɓa ko sifana ba sai da ya zauna a gefena muka zagaya. Ta ɗaya ta daɗe kafin ta saki, ta biyu kuma ta riƙe ta ƙi bari. Muka dawo, ya bar injin yana aiki, ya zaro sandar gwada man akwatin giya, wanda mu a nan muke ce wa bwat. Ya goga a farin tsumma, ya duba a rana, ya shinshina.

“Malam, man ga lahiya lau shike,” ya ce. “Ja na, bai ƙone ba, kuma bai ragu ba.”

Maimakon in ji sanyi, sai na ce a raina, to ai wanda ya yi ɓarna zai iya zuba sabon mai ya rufe. Ya bi wani siririn tiyon iska da ya taso daga inji ya gangara zuwa bwat, ya tsotsa, ya toshe da harshe, ya ce ba ya yoyo. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani ƙarfen ɗaure tiyo da ke ƙyalli. Na nuna masa da yatsa, na ce wannan sabo ne, ba na motar ba ne. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce shi ya sa shi bara, ina tsaye a kansa, har na yi masa gardama a kan girman ƙarfen. Na tuna. Amma ban ji kunya yadda ya kamata ba.

Washegari ya daidaita wayar ƙarfen da ta haɗa totur da bwat, muka gwada, ba ta canza ba. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance tiren mai, ya fito da matacin, ya shafa gindin tiren da yatsa yana neman garin ƙarfe. Babu. Ya ce cikin bwat ɗin bai ci kansa ba, ko mene ne daga waje yake. Ya ƙara da cewa wani makaniken zai ce a sauke shi a sa mai giyar hannu a huta, amma shi ba zai yi wa motar Baba haka ba. Daga jin an ambaci saukewa sai na fara zargin shi ma. Wa zai ɗauki wanda aka sauke? Na tuna ƙanena yakan tsaya ya gaishe shi idan ya shigo gari, har yakan kawo masa wake. Na zauna a kan benci ina haɗa mutane biyu da ba su san ina haɗa su ba.

A ranar, bayan azahar, na kira ƙanena a waya. Ban yi doguwar gaisuwa ba. Na ce ya faɗa mini abin da aka cire a motar, da wanda aka sayar wa, in je in karɓo tun ba a kai shi kasuwar Ƙonni ba. Sai ya ce, “Yaya, ban ciri komi ba. Allah shi ba ka haƙuri.” Haƙurin da ya ba ni ya fi ba ni haushi, don na ɗauka mai gaskiya zai yi faɗa.

Rana ta uku tsohon ya daɗe tsugune yana shan shayi yana kallon motar. Can ya tashi ya shiga ƙarƙashinta, ya zare wata 'yar wayar lantarki daga gefen bwat, ya ce mu hau. Muka ɗauki kwalta. Ta ɗaya, ta biyu, sai na ji ta uku ta shiga a hankali, injin ya sauke murya, ta huɗu ta biyo baya. Wallahi sai da ƙwalla ta taru mini, don muryar da na sani ce tun ina zama a gefen Baba.

Da muka dawo ya yi mini bayani. A ƙarƙashin totur, a jikin daɓen motar, akwai ɗan maɓalli. Idan direba ya taka totur har ƙasa zai wuce wata mota, maɓallin ke gaya wa bwat ya koma ƙaramar giya ya ba da ƙarfi. Wayar da ya zare ta maɓallin ce. Ke nan wani abu ya danne maɓallin, motar tana ta jin ana ce mata ta yi ƙarfi. Ya durƙusa a ƙofar direba, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa daga sama, ya tura hannu, sai kuma ya janye shi da sauri. Ya matsa ya ce in leƙa.

Laya ce. Sabuwa, an ɗinke ta da jar fata, ba ta fi kwalin ashana ba. An cusa ta ta saman shimfiɗar, ta zame ta maƙale daidai kan maɓallin. Na zaro ta da filaya, ya mayar da wayar, muka sake zagayawa, motar ta yi ta canza giyarta kamar ba ita ba.

“Wannan ba aikina ba na,” in ji tsohon. “Amma in ka ji tawa, ka tambaya kahin ka yi magana.”

Ban ji tasa ba. Kwana uku ina neman ɓarawo, yanzu na samu abin da ya fi sata. Laya a ƙarƙashin ƙafata, a motar da ni kaɗai ke tuƙawa, a ɓoye, kuma mutumin da ya shafa bayanta ranar rabon gado ya sosa ƙeya da na tambaye shi. Ban ma biya gida ba. Na naɗe ta a tsumma na kama hanyar Barmu, motar tana tafiya lafiya lau, ni kuma ina ta shirya maganar da zan faɗa.

Na iske shi bayan la'asar a rumfar ƙofar gida, shi da maƙwabta huɗu suna gyaran igiyar rijiya. Ya miƙe zai tarbe ni. Na warware tsumman na jefa layar a kan tabarma. Na ce ga abin da ya manta a motata. Na ce idan motar yake so, da ya roƙa, ba sai ya nemi ƙafata ko raina ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, har na sa matarsa da danginta a ciki. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tsaya yana kallon layar.

Muryata ce ta fito da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke zaune a gidan tun da mijinta ya rasu. Ta tako da sandarta, ta duba tabarma, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki layar ta kaɗe ta.

“Wa ya jehe ta ƙasa?” ta ce. “Ni na sa ta. Mi anka yi?”

Ta ce ranar kai amarya mutanen Kalfu sun kewaye motar suna yabo, wannan ya shafa, wancan ya leƙa, babu wanda ya ce tubarkalla. Ita kuma ta san abin da baki ke yi, ta ga ƙafar yayanta. Sai ta sa aka rubuta mata tsari, baduku ya ɗinke. Da safen da za a mayar da motar ta shiga da kanta ta cusa shi inda ƙafar dama ke takawa, don ƙafar ce ke kai mutum ta dawo da shi. Kuma ta sa ƙanena ya yi mata alkawarin ba zai faɗa ba.

“Tsari ba a shela tai,” ta ce. “Kuma na san ka. Ɗan lakwal na kai, ɗan boko, da ka ji cire ta za ka yi. Don kai anka yi ta, ba don ƙarhe ba.”

Na ce mata ai ita ce ta hana motar tafiya. Ta ce ita fata ta sa, ba dutse ba, kuma in motar ba ta iya ɗaukar sunan Allah ba, laifin masu ƙera ta ne. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya so ya yi dariya, ya duba fuskar ƙanena ya fasa.

Na juya gare shi na ce me ya sa bai faɗa mini ba, ko da na kira. Ya ce bai taɓa kawowa a ransa cewa 'yar fata za ta tsayar da inji ba, kuma ya riga ya yi wa Gwaggo alkawari. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, “Da ka ce na yi sata, na ce zahin mota na, shina wucewa. Wanga kuwa ba yau ka soma tunanin shi ba, Yaya.”

Gaskiya ya faɗa. Na ba shi haƙuri a wurin, gaban mutanen da na zage shi. Na koma bayan sati da goro na sake ba shi haƙuri, na ba matarsa. Duka biyun ya ce ba komai, ya wuce. Har yau yana gaishe ni da ladabi, yana aiko da gero da kaka, yana zuwa suna da ta'aziyya. Ina jin zafin wannan ladabin fiye da zagi.

Motar tana nan, ba ta sake ƙin ta uku ba. Ran nan ya shigo Tawa ganin likitan ido, ya ci abincin rana a gidana. Da zai tafi na ɗauko makulli na ce in kai shi har Barmu, ai an ɗiga masa magani, ba ya gani sosai. Ya ce in bari, kada in wahala. Na ce to ko tasha. Ya tsaya a ƙofar gida yana kare idonsa da hannu, ya daɗe a rana, har kabu-kabu ya zo.