Hannun da Ya Janye Kara a Ƙarƙashin Tirela

Kafin ya taɓa sifana, Malam Muttaka sai ya fara saurare. Da ya iso garejinsa da ke bakin titin Hunkuyi zai jingine babur, ya sa direba ya tayar da mota, ya tsaya da kai a karkace kamar mai jin gulma ta bayan danga. Sannan ya ciro wata 'yar na'ura daga jaka, ya soka wayarta a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta abin da ke damun injin. Direbobin Ikara da Maƙarfi kan tsokane shi da "malamin duba". Shi kuwa sai ya ce, "To ni dai ba na karɓar zakara."

Shekararsa talatin da ɗaya yana gyaran injin dizal. Manyan motocin zamani suna da wata tukunya a jikin salansa mai tace hayaƙi. In kunkunniya ta cika ta, wuta kan kama a dashbod, sai an danna wani maɓalli injin ya ɗaga murya ya ƙone dattin da zafin da ya kai digiri ɗari shida. Mutanenmu, da yake ba a rasa mu da dabara, sun samo wa wutar magani: a liƙe ta da baƙin salatif. Salatif ɗin da Muttaka ya ɓare Allah kaɗai ya san yawansa. Ƙa'idarsa guda ce: ba a ƙona tukunya sai a kan tsurar ƙasa, yana zaune yana kallon lambar zafi har ta sauka. Ko waya ba ya amsawa.

Ni kaina na ɗauka fi'ili ne kawai, sai da kakar bara ta zo.

A wata masussuka yamma da Kudan, gidaje bakwai suka tara masararsu wuri guda, har da ta Gwaggo Zulai, yayar mahaifina, wadda tun rasuwar mijinta gonar nan ke ciyar da gidanta. Na je taya ta tsaron buhuna. Tirelar da ta zo ɗauka ta sha lodi, ta tashi fita, tayoyinta suka nutse a rairayi. 'Yan lodi suka yi abin da muka gada: suka kwaso busasshen kara da ɓawon masara suka cusa a ƙarƙashin tayoyi da ƙarƙashin motar kanta, har ba ka hango ƙasa. Duk da haka ta ƙi fita, aka aika neman tarakta.

Direban, Inuwa, tun safe wutar nan ke kunne a gabansa. Ya kira Muttaka, shi kuma Muttaka ya ce masa kada ya taɓa komai, yana nan tafe. Amma jira ya ishe shi.

"Tunda zaman banza muke, bari ta ƙone abinta," in ji shi. Ya danna maɓallin, ya sauko ya koma inuwa yana shan rake. Bakin salansar motar kuwa ƙasa yake kallo, tsakiyar karan.

Bayan azahar Muttaka ya iso. Tun daga nesa ya ji kukan injin, ya yar da babur bai ko kafe shi ba. Ya haye motar, ya taka birki, ya kashe maɓallin, injin ya dawo silo, kukansa ya lafa. A lokacin ne muka ji ƙauri. Siririn hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin tirelar, tankin mai na gefe, tulin masarar da ba a sussuke ba bai fi taku goma ba, iska kuma can take kaɗawa.

"Kashe motar, maigida! Kashe ta!" Inuwa ke ihu. Wani ya rugo da jarkar ruwan sha zai sheƙa wa salansa.

"Kada ka soma!" Muttaka ya daka masa tsawa. "Ruwan nan jarka biyu ne kacal. A kan kara za a zuba, ba a kan ƙarfe ba. In kuma na kashe injin, iskar da ke huce tukunyar ta tsaya, zafin ya kwanta a nan."

Ya soka na'urarsa, ya ɗora mini ita a hannu. "Malam Misbahu, kai ka iya karatu. Lambar nan ta sama, faɗa mini ita da ƙarfi, kada ka daina." Ya tuɓe riga, ya jiƙa ta, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, inda mutum ɗaya kawai zai iya shiga.

"Ɗari biyar da tamanin," na ce. Wallahi tsoro nake ji.

Yana turo kara, 'yan lodi na ja. Ɗari biyar da ashirin. Gwaggo ta tsaya jikin tulin masararta, ta ƙi matsawa, sai salati take. A ɗari huɗu da sittin wani dami ya kama da wuta sosai, muka ga haskenta tsakanin tayoyi. Mata suka sa kuka. Muka ji yana bugu da jiƙaƙƙiyar rigar, yana tari, yana cewa, "A turo ƙasa! Malam, lamba!"

Na duba na'urar, na ɗaga murya. "Ɗari huɗu!"

Sai da lambar ta sauka ƙasa da ɗari biyu da hamsin ya fito, fuskarsa baƙi ƙirin, fatar damtsensa na dama ta saɓule. Inuwa ya durƙusa ya kasa ɗaga kai. Muttaka bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Tashi ka samo tsintsiya. Gobe za mu ƙona tukunyar a kan ƙasa, kana zaune kusa da ni."

Malam Muttaka, kai ne ka shiga inda dukanmu muka ja da baya. Kai ne ka hana a kashe injin alhali mutum talatin na yi maka ihu, don ka san abin da ba mu sani ba. Na ji an ce bayan kakar bana za ka ajiye na'ura ka koma gonar rakenka, wai ido ya fara gardama da ƙananan lambobi. Raina bai so ba, amma ka cancanci hutu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma direbobi da masu gyara, ku ɓare salatif ɗin nan, ku share ƙasa, ku zauna da motarku har ta huce kamar yadda yake yi. Gwaggo Zulai ba ta san mece ce tukunyar salansa ba har yau. Amma duk ranar da ta tuƙa tuwon masara, kwanon farko Hunkuyi ake kai shi, kuma da hannun nan mai tabo yake karɓa.