Tambayar da Ta Ɓace a Cikin Gaisuwa

Bayan na yi ritaya na dawo Kazaure, 'yar ƙanena da ke koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Roni ta roƙe ni in ba ɗalibanta labarin ƙasashen da na zauna. Na je na yi ta zuba, na ce a yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. A Khartum na ga ɗalibai na ja da malami, a Yamai ma haka, amma namu ba sa ɗaga ido gaban furfura. Ita ma haka suke mata kullum, har ta fara tunanin barin koyarwa.

Sai ta buɗe musu zauren hira a waya, ta sa ni ciki, ta ce kowa ya ari wayar gidansu ya turo tambaya da murya. Saƙon farko na wata yarinya ne daga wajen Gwiwa: “Baba, ina wuni? Ya gida? Ya damina? Ya su Hajiya?” Ta gaishe ni tsaf, ta kashe.

Na amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce, “'Yata, tambayar fa? Ko akuya ta cinye ta?”

Ta dawo tana dariya: “Baba, wai da gaske ruwan teku ba ya shawuwa?” Daga nan tambayoyi suka ɓarke.

Kafin mako ya zagayo malamar ta kira ni. “Baffa, na fasa barin aikin nan. Yau har aka kaɗa ƙararrawar tashi ba su daina tambaya ba!”