Biro da Fensir a Gefen Shafi

Mai gyaran littattafai bai san matar ba. Ga ta tsaye gaban teburinsa, dattijuwa gajera, tabarau ɗaure da zare, tana rungume da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya rabu da shi. Da ta miƙa masa, ba ta saki ba sai da ya ɗan ja.

Yana buɗewa ya ga babu masaka tsinke a gefen shafukan. Rubutu iri biyu ne, na jan biro kusa da ayoyi, na fensir can bakin takarda. A ransa yana cewa irin matan nan ne masu zama a bencin gaba, waɗanda fasto ke satar kallonsu kafin ya fassara aya.

"Mama, in na ɗinke, sai na datse bakin ya daidaita. Fensirin nan zai tafi."

"Kada ka kuskura, ɗan nan. Jan biron abin da fasto ya ce ne. Fensirin abin da na gani da idona."

Ya jinjina kai. Tawali'u ke nan, a ganinsa: ta rubuta nata da abin da ke goguwa, ko da dattawan coci za su tsawata mata.

"Wato in kin yi kuskure sai ki goge?"

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Fastoci huɗu aka kawo mana. Kowanne ya zo sai na soke na wancan. Fensirin dai ban taɓa gogewa ba."