Ranar da Na Yi wa Basaraken Faransa Wanka

Ni ban san tsoron gawa ba. Haka nake gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni a Tottenham a ƙarshen shekarun tamanin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Kawuna ne mai wankan gawa a unguwarmu a Kano, kuma a bakina ni ne hannun damansa. Gawar da na wanke, in ji ni, ta fi mutanen da ke cika tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, da safe. Tunda yanzu furfura ta fito, bari in faɗi gaskiya: sau biyu na riƙe masa buta, da gemuna, kuma duka biyun fuskata na kallon ƙofa.

Wata takwas na yi ina zaga London kafin na samu aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin gidan tarihi. Lokacin matata na da ciki wata bakwai, muna flat ɗin council, gidan hayar hukuma, hawa na tara, lif kuwa sai ranar da ya ga dama yake aiki. In aikin nan ya kuɓuce, ban san da wane baki zan hau bene tara in gaya mata ba.

Mai kula da kayan gidan wata tsohuwar Baturiya ce 'yar firit, da tabarau rataye a wuya. Madam muke ce mata. Ranar farko ta ba ni doka ɗaya: daɓe da gilashi nawa ne, amma duk abin da ke bayan igiyar da aka kewaye kayan tarihi da ita, ko da ɗan yatsa kada in taɓa. Sannan ta gangara da ni ɗakin ƙasa ta kunna fitila.

Sai ga mutum a kwance, miƙe sambal, tsawonsa in ban yi ƙarya ba ya kai bas. Dutse ne, murfin kabarin wani basaraken Faransa da aka sassaƙa da siffarsa: sulke har wuya, takobi, garkuwa a hagu, tafukan hannu haɗe a ƙirji, ƙafafunsa a kan zaki. Matarsa na kwance a gefensa da ɗan kare a ƙafarta. Duk wannan da sauƙi. Idanunsa a buɗe suke. A garinmu alherin farko da ake yi wa mamaci shi ne a rufe masa ido. Wannan bawan Allah shekara wajen ɗari bakwai bai samu mai yi masa ba.

Madam ta shiga ba ni labarinsa kamar maƙwabcinta. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi riƙo gidan kawunsa don ya koyi doki da takobi. Ya gaji gidan dutse mai ganuwa da ƙauyukan da ke kewaye. Ga 'ya'yansa takwas nan an sassaƙa su a durƙushe a jikin dutsen; biyar ɗin da aka lulluɓe wa kai sun riga shi mutuwa. Ya tafi yaƙi gabas shekara shida, ya dawo ya tarar an binne babban ɗansa, wanda zai gaje shi. Gida ya koma hannun mijin 'yarsa. Daga nan ta nuna garkuwar ta yi wani dogon bayani, amma kunnena ya riga ya toshe, idona na kan idonsa.

Mai gadin gidan wani dattijo ne ɗan Ghana, mutumin zangon Kumasi, mai Hausar da ba ta raba mace da namiji. Shi ya ƙarasa ni.

"Mutumin Kano," ya ce, "Madam ya gaya maka wa ya je yaƙa a gabas ɗin? Mu ne fa. Musulmi. Shekara ɗari bakwai yana kwance bai ga ko ɗaya ba, yau an kawo mishi kai da tsintsiya."

"Haba Baba, ai kai ma Musulmi ne."

"Ni ina ƙofa. Kai ne mai shiga ɗakinshi. Amma ina ruwanka, ba kai ne mai wankan gawa ba?"

Na yi dariya har da tafa hannu, amma tun daga ranar ɗakin ƙasa ya zame mini kurkuku. In ina share kusurwar dama yana kallona, in na koma hagu yana kallona. Da baya da baya nake fita. Na fara yi masa sallama, na ƙara da "ranka ya daɗe", ko da yake addu'ar ta makara. Bokiti ya kife ba wanda ya taɓa shi. Wuyana ya sanƙare kwana uku, daidai inda sulkensa ya tsaya. Na rame har matata ta tambaye ni ko ni ne mai cikin.

Sai na zauna na yi tunani irin namu. In babban mutum ya ƙullace ka, ba gudu ake yi ba, hidima ake yi masa har ya huce. Kuma me mamaci yake buƙata? Ga ƙura ta yi baƙi a kwarmin idonsa, garkuwarsa ta yi dafe-dafe kamar gindin tukunya. Na ce lalle abin da ke hana shi kwanciyar hankali ke nan: babu wanda ya taɓa yi masa wanka.

Ranar Litinin ba a buɗe wa baƙi. Da hantsi na haɗa ruwan ɗumi, na ɗauko sabon soso da sabulu, na tsallake igiya. Ba wankan addini na yi niyya ba, amma tsarin kawuna kaɗai na sani, shi ma da kunne na koya: a fara da kai da fuska, sai ɓarin dama, sannan hagu. Na wanke fuska ina ba shi haƙuri. Na bi dama har ƙafa, zakin ma na shafa masa kai. Na zagayo hagu, na ɗora soso a kan garkuwa na ja sau ɗaya.

Soson ya ɗago jawur. Jan ruwa ya gangaro ta gefen dutsen, ya bi ta kan ɗaya daga cikin 'ya'yan nan masu lulluɓi, ya ɗiga a takalmina.

Ban san lokacin da na hau matakala ba. Baba ya rantse ƙafata ba ta taɓa ko guda ba. Na same shi a ƙofa ina cewa, "Jini! Jini yake zubarwa!" Ya sauka, ya duba, ya dawo fuskarsa ba dariya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ba jini ba ne, fenti ne. Ka wanke abin da Madam ya fi so a gidan nan."

Sai basarake ya fita daga raina, bene tara ya shigo. Madam ta sauko, ta sa tabarau, ta durƙusa gaban garkuwar. Ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa. Sannan ta maimaita mini bayanin da na ƙi ji ranar farko: rubutun kabarin ya goge tun tuni, tsuntsaye ukun da ke jikin garkuwar a kan jan fenti su ne tambarin gidansu, kuma da launin kaɗai aka gane ko wane ne shi, wace ce matarsa, su wa ya haifa. Abin da na ɗauka dauɗa ce, shi ne sunansa.

Ta tambaye ni dalili. Na zayyana mata komai, har rufe ido da fara wanka daga dama. Ta auna wurin da yatsunta, faɗin soso ɗaya a ƙasan garkuwa. Tsuntsaye ukun suna nan da jansu.

"Me ya sa ka tsaya a nan?" ta ce.

"Madam, gudu na yi."

Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ta ce ba za ta yi sacking ɗina ba, tunda abin da ya rage ya isa a gane shi, amma daga yau ni da ɗakin ƙasa har abada. Banɗaki da matakala ne rabona. Na yi mata godiya da Turanci, da Hausa, da wani yaren da ni ma ban sani ba.

Da na zo fita da yamma na ɗan dawo hayyacina, na fara gyara labarin. Na ce wa Baba ai ba kowa ne zai iya tsallake igiyar nan ba. Ya buɗe mini ƙofa ya ce:

"Mutumin Kano, je ka gode wa Allah da ya yi ka matsoraci. Da jarumi ne kai, da ka gama wankan, da yau ba ka da aiki."