Kan Jirgin da Na Auna Gaban Wuta

Mun tashi da asuba daga Mandawari, ni da yayana, ɗan kawuna. Ni ina rungume da tef na awo da takardun zane, shi kuma yana saɓe da jakar kayan yankan ƙarfe. Wuri ɗaya muka nufa, amma ni zan je in ga abu ne, shi kuwa zai je ya yanka shi.

Ga yadda abin ya faro. Kawu ɗan gwangwan ne a kudu, yana sayen tsofaffin ƙarafa. Ya sayi wani tsohon injin katako da aka watsar a kurmi, ya turo hoto gida don a yi dariya: wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa da ya haɗa da shi a cinikin, ciyawa ta fito ta tagarsa. Ni ban yi dariya ba. Aikina na kammala karatu a kan irin wannan kan jirgin yake, mai tururi, wanda ake jan gungumai da shi, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya ba sai a littafi. Abin da nake so kwana ɗaya ne tal, in auna shi kafin a sa masa wuta. Amma ban iya roƙon babba ba.

Daga Kano zuwa Zariya na tsara maganar a raina. Kafin Kaduna na rushe ta. Motar Sharon ce, an cusa mu kamar buhunan albasa, direban kuma duk shingen da ya gani sai ya tsaya gaisuwa. Ƙafata sai rawa take, har wata hajiya da ke gefena ta tambaye ni ko fitsari nake ji.

A Lokoja muka ci soyayyen kifi, mai tsadar da ta sa Yaya ya tambayi mai sayarwa ko kifin ya yi boko ne. Na buɗe baki zan yi maganar, sai na ji na ce, "Yaya, ga ruwa." Bayan Okene ƙasa ta sauya. Bishiyoyi suka rufe sama, iska ta yi nauyi, mata na gasa agada a bakin titi. Mun kwana a Auchi, washegari muka ƙarasa a kan babur, ta wata jar hanya mai santsi.

Da na ga kan jirgin sai na tsaya cak. Bai kai tsawon motar bas ba. Kafin manyan motoci su shiga kurmi, masu katako kan shimfiɗa siririn layin dogo cikin gaggawa, in bishiyoyin wurin sun ƙare su kwashe su kai gaba. Irin wannan hanya duk kwana ce da gargada, shi ya sa aka yi masa gajerun ƙafafu, masu ƙarfi ba masu gudu ba. Tankin ruwansa a kan tukunyar tururin yake zaune kamar sirdi, don nauyin ya danne ƙafafun kada su zame. Bututun hayaƙinsa kuwa ya buɗe a sama kamar babban kasko, saboda itace yake ci, tartsatsi kuma in ya fita sai ya cinye dajin.

Tirela na tsaye tana jira, an riga an jero tulunan gas. Yaya ya sa baƙin tabarau.

"Yaya," na ce, "don Allah ka ba ni zuwa gobe."

Ya ɗaga tabaran ya dube ni. "Tun daga Zariya kake tauna maganar nan, Malam Injiniya. Da a mota ka faɗa, da na kira Kawu an ɗaga zuwan tirela. Yanzu ga ta nan. Zan fara ta baya. Kai yi gaba. In na kamo ka, babu ruwana."

Haka muka wuni. Ina aunawa ina rubutawa, wuta na bina. Na gama ɗakin direba, ban yi nisa ba na ji rufinsa ya faɗi. Na shiga ƙarƙashi na auna fistin da sandar da ke juya ƙafafu, cinnaku na cizona, ban ko sosa ba. Sau biyu ya kusa cim mini, sau biyu ya ce wai bakin abin yankan ya toshe, ya zauna yana sakace.

La'asar ta same ni a saman bututun. Na leƙa, ga ragar da ke tare tartsatsi tana nan, tsatsa ta ci rabinta. A littafi layi ɗaya ce kawai. Na auna ta, na sauko, na kau da kai.

Mun dawo Kano bayan kwana biyu, kayana duk jar ƙasa. Kan jirgin yanzu yana can tukunyar narka ƙarfe, amma na zana shi gaba ɗaya a bangon ɗakina, ban da bayan akwatin itacensa. Shi Yaya ya fara yankewa; da na yi magana tun a mota, da na auna shi. Na bar wurin fari a zanen, kuma ba zan cike shi da ƙiyasi ba. Duk sanda magana ta maƙale mini a wuya, can nake kallo.