Jirgin Ruwan Bankok

Jiya na sauke fasinjan tasina a filin jirgin sama na JFK, ya ce Bankok za shi. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ya fara kai ni can saro kaya. Na ƙagu mu shiga kasuwa, shi kuwa ya ja ni jirgin ruwan haya. Muka bi kogi har ƙarshen zango, ga hayaƙin inji, ga ƙamshin soyayyen kifi, ruwa na jiƙa masa riga.

Ya ce, "Ɗana, mu gaisa da garin tukuna."

Ina nan ƙasar waje aka binne shi a Maraɗi. Yau na hau jirgin ruwa mai zuwa tsibirin Staten Island, na je na dawo, ba wanda ya ce mini sannu.

Kawu, Allah ya sa inda ka sauka an yi maka maraba.