Kujerar Kakana da Jirgin Ranar Kasuwa

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta aiko mini da ƙullin daddawa, cikin tsarabar da 'yar'uwarta ta kawo mata daga Najeriya. Ina kwance ledar warin ya cika ɗakin girki, na tsaya riƙe da ita har albasar da ke kan wuta ta soma ƙonewa. A wurinmu, mu da aka haifa a Madina, wannan wari ba na miya kaɗai ba ne. Shi yake sanar da mu cewa alhazai sun sauka, kuma a gidanmu saukar alhazai na nufin Kakana zai sa a wanke masa farar rigarsa, a shimfiɗa babbar darduma.

A unguwar Sih na tashi, a wani tsohon gida mai ɗan fili a tsakiya, wanda yanzu ko tushensa babu. Babana yana aiki a shagon dabino, mahaifiyata tana ɗinki a ɗaka. Ɗakin Kakana shi ne na bakin ƙofa. Dogo ne siriri, mai magana a hankali. Mu jikoki Jaddi muke ce masa, yana yi mana Hausa muna mayar masa da Larabci, bai taɓa gajiya ba. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake kirana, kuma ina da gurbina a gefen dardumarsa wanda ko manyan baƙi ba sa tashe ni daga kai. Abin da zan ba ka labari, mai karatu, daga wannan gurbin na ji yawancinsa.

Na fara sanin alhazai a shekarun da Hajji ke faɗowa cikin zafi, lokacin da bango ke ƙona hannu, ɗanyen dabino ya cika kasuwa. Mutanen ƙaramar hukumarmu kan nemo gidan bayan sallar La'asar, su biyar su shida, suna share gumi. A kawo shayi da na'ana'a, a gaisa, Kakana ya tambayi damina, ya tambayi waɗanda suka rasu. Onarabul suke ce masa, shi kuma kullum sai ya roƙe su su bar shi a Malam ɗinsa. Idan an gama gaisuwa sai ya gyara zama ya tambayi wanda yake kan kujerar yanzu. Daga nan ya tambaya ko an gina gada a koginmu. Amsar farko takan canza, ta biyu ba ta canzawa.

Kujerar da yake nufi ita ce ta wakilin ƙaramar hukumarmu a majalisar dokokin jiha, kuma shi ne mutum na farko da ya zauna a kanta. Yakan ce a da ƙasarmu a ƙarƙashin babban gari take, wakilinmu mutumin can ne, bai taɓa ƙetaro kogi ya ga inda muke kwana ba. Wannan kogin shi ya raba ƙauyukanmu da kasuwa da asibiti. Da rani yaro ma yana tsallake shi da ƙafa, da damina kuwa sai jirgin fito. Dattawa suka yi ta kai kuka har aka yanka mana ƙaramar hukuma, aka ba mu kujerarmu. Da aka zo neman wanda za a tura, sai ido ya faɗa kan malamin firamaren gari, wato Kakana, domin shi yake karanta wa kowa wasiƙa, kuma ba a taɓa jin ya tona asirin wasiƙar wani ba.

Yana son ba da labarin ranar da ya fara shiga majalisa. Takalmin aro ya sa, ya matse shi, ya zare shi a ƙarƙashin tebur, da aka kira shi ya yi magana sai ya miƙe da safa. Baƙi su yi dariya, shi ma ya yi. Bayan wannan sai ya jero waɗanda suka biyo bayansa. Sojoji sun rufe majalisa shekaru masu yawa, kujerar ta zama ba kowa. Da aka buɗe, wani tsohon ɗalibinsa ya hau, bai ɗumama ta ba aka sake rufewa. Da aka kuma dawowa mulkin farar hula sai wani ɗan kasuwar hatsi ya hau. A lokacin ne ma wasu dattawa suka zo har gidanmu suka roƙe shi ya koma ya tsaya, ya ce musu ya gode, amma shi ya ci rabonsa a wannan kujera. Na ga fuskarsa ranar, ban gane abin da na gani ba.

Kakata ce ta ganar da ni. Wata rana cikin sanyin Madina mai shiga ƙashi, muna zaune a rana tana tsinke mulukiyya, wato ganyen lalo, na tambaye ta dalilin da ya sa Jaddi ba ya gajiya da maganar gada. Ta ajiye ganyen da ke hannunta. Sannan ta ce mutanenmu abu ɗaya suka aike shi ya kawo, gada. Ya rubuta ƙudurin, ya nemi goyon baya, har an sa ranar da zai gabatar. Sai manyan jam'iyyarsa suka kira shi suka ce zaɓe ya matso, akwai titin babban gari da ake so a gama tukuna, ya haƙura zuwa baɗi, su kuma za su tsaya masa ya koma kujerarsa. Ya kwana biyu yana juya maganar, ya ga shekara ɗaya ba wani abu ba ce. Ya janye. A wannan daminar, ranar kasuwa, jirgin fito ya kife da mata tara. An sake zaɓensa kamar yadda aka yi masa alkawari, amma kafin baɗin ta zo sojoji sun karɓi mulki. Shekarar da ta biyo baya ya kwaso iyalinsa suka zo Hajji, bai sake komawa ba.

Na ce mata ai ko da bai janye ba, ba za a gama gada a wannan daminar ba. Ta ce ita ma ta faɗa masa haka ya fi sau ɗari. Abin da yake ce mata shi ne, ba a kan ginin za a tambaye shi ba, a kan janyewar za a tambaye shi.

Ina shekara goma sha biyu aka yi baƙuwar da ban manta ba. Wata tsohuwa ce, ƙanƙanuwa, ta zo tare da ayarin mutanenmu. Mata kan wuce ciki wurin Kakata, ita kuwa ta tsaya a bakin ɗakin baƙi ta ce Malam ta zo gani. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Ta bari maza suka gama gaisuwarsu, sannan ta faɗi sunan ƙauyenta. Kakana ya ajiye kofin shayinsa.

Ta ce 'yarta tana cikin jirgin. Ta ce tun ranar da ta ji yana Madina take roƙon Allah Ya kawo ta, kuma ta iso kwana huɗu da suka wuce, kullum ta yi niyyar zuwa sai ƙafarta ta yi nauyi. Wani daga cikin mazan ya soma ba ta baki, yana cewa nan wuri ne mai alfarma, abin da ya wuce ya wuce. Kakana ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

"Malam," in ji ta, "ban zo zagi ba. So nake in ji ko kana tune da su."

Kakana ya sunkuyar da kai. Ya fara kiran sunayen matan ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan mijinta da ƙauyenta, ba gargada, kamar wanda yake maimaita su kullum. Daga baya na gane haka ɗin ne. Da ya kai kan 'yarta, tsohuwar ta rufe fuska da mayafi. Ya ƙarasa tara ya tsaya.

Ta sauke mayafin ta ce, "Goma ne, Malam. Tana da cikin wata bakwai."

Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar. Ba sauti, hawaye ne kawai suke bin gemunsa. Ya share hawayen ya ce bai sani ba, kuma ba shi da bakin da zai kare kansa, sai dai ya roƙe ta gafara. Ta gyara mayafinta. Can ta ce nata haƙƙin ta yafe, domin ta yi zaton za ta tarar da mutumin da ya manta. Na 'yarta da abin da ke cikinta kuwa, ta ce ba a hannunta yake ba. Ta sha ruwa, ta shiga ta gaisa da Kakata, ta tafi. Ba mu sake ganinta ba.

Daga wannan shekarar Kakana bai ƙara ba da labarin takalmin aro ba. Bai daina tambayar alhazai ba, amma ya daina jero sunayen 'yan majalisa da wannan ɗan alfaharin da yake yi a da. Ya ƙara shekara uku a duniya, ya rasu wata Alhamis da safe, aka yi masa salla a Harami aka kai shi Baƙi'a.

Yanzu alhazai ba sa neman gidajen 'yan'uwa. A otal suke sauka, motoci suna kai su ziyara suna dawo da su, labarin gida kuma yana cikin wayar kowa. Kujerar ta wuce hannu da yawa, ban san sunan mai ita na yau ba, 'ya'yana kuwa ko sunan ƙaramar hukumar ba su iya faɗa daidai.

Bara, a farfajiyar Harami, na zauna kusa da wata yarinya mai goyo tana jiran mijinta. Muka gaisa da Hausa, na tambayi garinsu, sai ta ambaci wani ƙauye a ƙasarmu, hayin kogi. Na tambaye ta ko ta san wanda ya fara wakiltarsu a majalisar jiha, ta ce wallahi ba ta sani ba, ita dai ta san na yanzu saboda hotonsa yana ko'ina. Na tambaye ta yadda suke yi su je kasuwa idan ruwa ya kawo. Ta dube ni da mamaki, ta gyara goyonta.

"Hajiya, ai wucewa kawai ake yi ta kan gada," in ji ta.

Na so in gaya mata ko ni jikar wace ce. Na so in gaya mata akwai mutum goma da suka riga ta bin wannan hanya. Sai aka kira salla, ta miƙe, jaririn yana barci a bayanta, na matsa mata muka tsaya sahu ɗaya.